Waiwaye: Yadda lasisin bindiga ya koma jiran gawon shanu a Sakkwato

A cikin wani tsohon gwangwanin biskit kawuna yake ajiye ɗan littafin lasisin bindigarsa, tare da takardar gona da katin fansho. Bindigar mai baki biyu ce, ta harbin zabi da agwagin ruwa a fadamar Rima, ya saye ta tun yana malamin gona, lokacin ni ko allo ban fara ɗauka ba. Kowace shekara sai ya naɗe ta cikin buhu ya shiga mota zuwa cikin gari, a duba lambar da ke jikinta, ya biya kuɗi, a buga masa hatimi. Shafukan littafin cike suke da hatimai, wasu tawadarsu ta koɗe har ba a karanta shekarar. Daga wani wuri kuma sai fararen shafuka.

Na ce, "Kawu, me ya sa ka bar zuwa?"

Ya ce, "Ban bari ba, ɗana. Sahu huɗu na yi. Kullum sai a ce mini a jira umarni daga sama. Na ce to ku amshi bindigar ku aje, aka ce in koma da abata gida tukuna. Yanzu kai da ka yi boko, gaya mini, ni mai laifi ne ko mai gaskiya?"

Ban iya ba shi amsa ba, amma tambayar ce ta sa na koma baya.

Zargin da hukuma ke yi wa baƙin mutum mai bindiga ya girmi Najeriya kanta. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Burasal, babban birnin Beljiyam, suka amince a taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, da sunan yaƙi da cinikin bayi. Abin da ya biyo baya shi ne su suna da mai jigida, mu muna da adaka da kwari da baka. Haka aka haɗu a filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, dawakin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka fuskanci ruwan harsashi, kafin rana ta take birnin Shehu ya faɗi. Bayan shekara uku, a Fabrairun 1906, talakawan Satiru da ke kudu da Sakkwato, waɗanda galibin makamansu gatura ne da fartanya da kibau, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, har suka ƙwace bindiga mai jigida. A watan da ya biyo aka shafe garin daga doron ƙasa. Duk wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin yadda Bature ya riƙa kallon makami a hannun talaka ba. Maharbi na iya riƙe bindigarsa ta toka, wadda sai an ɗura albarushi an danna da sanda kafin ta tashi sau ɗaya. Abin da ya wuce wannan kuwa sai wanda aka yarda da shi.

Ana saura shekara guda a samu 'yancin kai, a 1959, aka tattara wannan tunani aka mayar da shi Dokar Bindigogi, kuma ita ce ke aiki har yau, da 'yan gyare-gyare. Ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, da ma ƙaramar bindigar aljihu, haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Irin ta kawuna, ta farauta, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta toka kuwa an bar sha'aninta a matakin jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda shaye-shaye ya yi wa katutu, ko wanda kotu ta kama da laifin tayar da hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Wannan duk babu mai ja.

Inda gizo ke saƙar shi ne wani sashe da ya ce lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, kuma hukumar da ke bayarwa tana iya hanawa ko ta soke ba tare da ta faɗi dalili ba. Wanda bai gamsu ba, in ji dokar, ya rubuta ƙorafi zuwa ga Shugaban Ƙasa. A yi tunanin manomin Wurno ko ɗan kasuwar Illela yana rubuta wa fadar Abuja takarda kan bindigar harbin zabi. Doka ce da aka ɗinka wa gwamnan mulkin mallaka, muka gaje ta muka saka ba mu ko rage mata tsawo ba.

Sojoji da suka zo ba su taɓa ƙofar shiga ba, bulala suka ƙara. Bayan yaƙin basasa fashi da makami ya yi yawa, aka kafa dokar soja ta 1970, aka sake tsaurara ta a 1984, inda mallakar bindiga ba izini ke iya kai mutum ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. A ƙasar Sakkwato dai wannan bai dami mutane sosai ba a lokacin. Masu lasisi 'yan kaɗan ne, tsofaffin ma'aikata da sarakuna da attajirai, maharba kuma suna harkarsu da adaka, a yi kilisa ko hawan salla a ji ƙarar albarushi, yara su bi da gudu.

Sai daji ya lalace. Harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018 shi ya fara farkar da mutane cewa wutar Zamfara ta tsallako. A Mayun 2020 aka kashe fiye da mutum saba'in a ƙauyukan Sabon Birni. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Kafin shekarar ta fita aka ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni. Isa, Gada, Tangaza, Gudu, kowace da nata makokin. Har Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, bai tsira ba, a 2024 ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi.

Abin ɗaure kai, a cikin waɗannan shekarun ne aka riƙa ƙara wa ƙofar lasisi sakata. A farkon 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun bindigogi, ya ba da wa'adin kwana 21. A Mayun 2019 aka ruwaito Shugaba Buhari ya sa hannu kan umarnin soke lasisin da ke hannun jama'a, Majalisar Wakilai ta nemi ya janye, masu lasisi suka shiga ruɗani. A Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisi a faɗin ƙasa, domin a cewarsa makamai sun yi yawa a hannun mutane.

Makamai kam sun yi yawa. Janar Abdulsalami Abubakar ya faɗa a 2021 cewa fiye da miliyan shida ke yawo a ƙasar. Amma na wa? Jagoran 'yan bindigar daji Bello Turji bai taɓa cike fom ba. Lakurawan da ke yankin Tangaza da Gudu ba da hoton fasfo guda biyu suka shigo ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna makamai 178,459 da ba a san inda suka shiga ba daga rumbunan 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Idan aka rufe teburin lasisi, mutum guda ne kawai umarnin ke samu a gida: wanda da ƙafarsa ya je ya rubuta sunansa da unguwarsu da lambar bindigarsa. An bar jaki ana dukan taiki. Wannan shi ne ainihin ɓacin ran masu lasisi, ya ma fi maganar kuɗi ko jeka-ka-dawo ciwo.

Maƙwabtanmu sun gwada ɓalle sakatar. A 2021 Gwamna Aminu Masari na Katsina ya fito fili ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19, ta kuma nemi kwamishinan 'yan sanda ya ba waɗanda suka cancanta lasisi. Ba a kwana biyu ba kwamishinan ya ce takunkumin hana lasisi na nan daram, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ta fuskar doka kuwa gaskiyarsu ce, domin kundin tsarin mulki ya sanya makamai da harsasai cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Maganar fom ta bi ruwa.

Sai dai in an zo nan, Basakkwace mai gaskiya dole ya ɗan yi shiru. Mun ga abin da bindiga marar rajista ke yi a hannun wanda zuciya ta ɗebe shi. A Oktoban 2021, 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa suka kashe Fulani goma sha ɗaya, har da limami. Da yawa na ganin ramuwar wannan ce ta faɗa kan mutanen da ba su ji ba su gani ba. Daga baya Gwamna Aminu Tambuwal ya haramta ƙungiyar a jihar. Don haka idan hafsan soja ya ce sakin bindiga ga kowa hanyar rikici ce, ba za a ce ya yi shirme ba. Abin da nake cewa shi ne waɗanda suka shiga Mamande ma ba su da littafi irin na kawuna. Rufe rajista bai hana su samun makami ba, ya dai hana hukuma sanin wa ke riƙe da me.

To ina aka dosa? Motsin da ake gani duk ta gefen hukuma yake bi. A 2021 aka kafa cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, a Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ba ta gindin zama. Aikinta tattarawa ne da lalatawa da bin diddigi. A 2024 ɗin dai Gwamna Ahmed Aliyu na Sakkwato ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wato dai 'yan banga masu kaki da albashi da shugaban da za a iya tuhuma. Ana kuma ta maganar 'yan sandan jihohi. Wanda ya fito da batun ɗaiɗaikun mutane kai tsaye shi ne Sanata Ned Nwoko na Delta a farkon 2024, da shawarar a ba farar hula damar riƙe bindiga bisa sharuɗɗa, Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, marigayi Janar Taoreed Lagbaja, kuwa ya ce bai goyi bayan farar hula su ɗauki makami ba. A ganina duk mai jiran ranar da za a ba manomin Gatawa lasisin AK-47 ya nemi wuri ya zauna, kuma ni ma ba na roƙon Allah ya kawo ranar.

Gyaran da ake iya yi bai kai nan tsada ba. A buɗe sabuntawa ga waɗanda sunansu ke rajista tun da daɗewa. A mayar da rajistar cikin kwamfuta, a haɗa ta da lambar ɗan ƙasa, yadda ɗan sandan da ya tare mutum a hanyar Kware zai iya tantancewa nan take maimakon ciniki a bakin titi. A wajabta wa hukuma faɗin dalili idan ta hana, a kuma ba mutum inda zai kai kuka a cikin jiharsa. Hakimi da mai unguwa, waɗanda suka san wanda ke da saurin hannu da wanda ke da haƙuri, a sa su cikin masu shaida da sa hannunsu. Wasu daga cikin waɗannan ko majalisa ba sa buƙata, takarda ɗaya daga Abuja ta isa.

Akwai wani sashe na dokar 1959 da na karanta wa kawu ranar, na kuma yi da-na-sanin karantawa. Idan mai lasisi ya rasu, magadansa na da kwana goma sha huɗu kacal da doka ta yarda bindigar ta zauna a hannunsu. Ya ƙirga da yatsu, ya ce ko masu zuwa gaisuwa daga nesa ba su gama zuwa ba, balle a zauna rabon gado. Ya tambaye ni wa zai karɓa a cikinmu, da wace takarda. Sannan ya mayar da littafin cikin gwangwani, ya danne murfin da tafin hannu, ya ce in miƙo masa kwalbar man keken ɗinki da ke kan taga, damina ta kusa, kada bakin ya yi tsatsa.