Mutanen Pueblo

Mutanen Pueblo wasu al'ummomi ne daga cikin 'yan asalin Amurka, mazauna kudu maso yammacin ƙasar. Garuruwansu 19 suna jihar New Mexico, Hopi kuma suna Arizona. Sunan ba nasu ba ne. Sifaniyawa ne suka laƙaba musu shi, ma'anarsa "gari", don sun tarar da su zaune wuri ɗaya cikin soraye na dutse da ƙasa, ɗaki bisa ɗaki, suna noman masara da wake da kabewa.

Sunan guda ya ɓoye bambanci mai yawa. Bahopi da mutumin Taos, ɗaya daga cikin garuruwan New Mexico, ba sa jin yaren juna ko kaɗan. Akwai Keres, akwai dangin Tewa da Tiwa da Towa, akwai Hopi, sai kuma Zuni wanda har yau masana ba su samo masa ɗan'uwa ba. Wasu garuruwan ma ba sa yarda a rubuta yarensu, saboda a ganinsu abin da ya shafi ibada ba na kowa ba ne.

Kakanninsu ne suka gina manyan gidajen kwarin Chaco tsakanin shekarun 850 da 1150. Mafi girma, Pueblo Bonito, ya haura ɗaki 600, kuma a kafaɗa aka ɗauko itatuwan rufinsa daga duwatsu masu nisa, tun da ba su da doki ko jaki. A Mesa Verde kuwa cikin kogunan dutse suka yi gini. Zoben da ke cikin tsofaffin itatuwa ya nuna an yi fari daga 1276 zuwa 1299, kuma kafin 1300 an watse daga wurin. An daɗe ana rubuta cewa mutanen sun "ɓace", maganar da jikokinsu ba sa so, don ƙaura kawai aka yi zuwa kudu, bakin kogin Rio Grande da ƙasar Zuni da Hopi. Haka ma ba sa son sunan "Anasazi" da ake kiran kakannin nasu da shi, wanda daga bakin maƙwabtansu Navajo ya fito.

Coronado, jagoran ayarin Sifaniyawa, ya iso Zuni a 1540, Juan de Oñate kuma ya kafa mulkin Sifaniya a 1598. Haraji da aikin tilas da hana ibadar gargajiya suka jawo boren 1680, ƙarƙashin Popé, mutumin garin Ohkay Owingeh. An aika wa garuruwa igiyoyi masu ƙulli, kullum a kwance ɗaya, ranar da suka ƙare a tashi. An kashe Sifaniyawa kusan 400, sauran suka gudu, ba su dawo ba sai 1692.

Cibiyar ibada ita ce kiva, ɗakin taro wanda galibi ta rufi ake shiga da tsani. Yawancin garuruwan suna bikin waliyyin Katolika da rawar gargajiya rana ɗaya. A wajen Hopi da Zuni, ɗa dangin uwarsa yake bi. A 1970 gwamnatin Amurka ta mayar wa Taos tafkinsu mai tsarki, Blue Lake.