Ma'anar "called off" da yadda ake kwaɓa ta a rediyo

Kwanan nan duk tashar da ka murɗa sai ka ji "called off", taro called off, yajin aiki called off, zanga-zanga ma haka. Ma'anar ba wuya, an fasa abu ko an janye shi. Abin da ke ƙona min rai shine yadda ake ɗora ta a jimla.

Sai ka ji mai karanta labarai ya ce "the strike has called off", to ai in ka faɗi haka kamar yajin aikin ne da kansa ya tashi ya soke wani abu. Daidai shine "the strike has been called off", ko "was called off" in ana maganar wani lokaci da ya wuce. Wannan "been" ɗin da ake haɗiyewa ita ke nuna abin yi masa aka yi, irin aikin da "an" ke yi in mun ce an janye. Ina ga daga kanun jaridu matsalar ta samo asali, su sukan rubuta "Strike called off" don wuri ya ishe su, sai mutane suka ɗauka a baki ma haka ake faɗa. Kuma in an fara da mai aikin, "off" na iya matsawa, kamar "they called it off", amma da zarar an juya jimlar ta koma irin "was called off" dole "off" ta manne da "called", ba a raba su.

Wanda ya fi damuna ma shine cakuɗa ta da "put off". Ku tuna 2020 lokacin korona, gasar Olamfik ta Tokyo ɗage ta aka yi, aka zo aka buga a Yulin 2021, wannan "was put off" kenan. Ita kuwa gasar tanis ta Wimbledon a Ingila soke ta aka yi gaba ɗaya, karon farko tun Yaƙin Duniya na Biyu, ba wanda ya ɗaga kofi a shekarar, wannan ce "was called off". Ɗan wasan da ya yi shekaru yana atisaye ba zai taɓa ce maka duk ɗaya ne ba, na Tokyo jira aka ce ya yi, na Wimbledon kuwa shekarar ta tafi kenan.

Ni gaskiya ban cika yarda da wannan salon na "has been called off" a bakin ’yan siyasa ba. Turanci ya ba da damar a ƙara "by" a faɗi wanda ya soke, "called off by the committee", amma sai su tsaya a "it has been called off" su yi shiru, mutanen da suka baro aikinsu suka zo taron su rasa ma wa za su tambaya dalili.