Filtar baƙin mai: babba ta fi ƙarama, ko abin da ke ciki ne magana?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji ana yi wa motarsa juye ya san yadda abin ke tafiya. Yaron makanike zai ruga shago da tsohuwar filta a hannu, ya dawo da wata mai kama da ita, a murɗa, in ta shiga a ce ta yi. Ga tambayoyin da masu mota suka fi yi a kan wannan ɗan gwangwani, wanda kuɗinsa bai kai na galan ɗin mai ba, amma yana iya sa inji ya buga.

In filta ta murɗu ta zauna, ba shi ke nan ba?

A'a, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Zaren da ake murɗa filta a kansa, wanda makanikai ke kira tiredi, ba iri ɗaya ba ne a kowace mota. Yawancin injinan Toyota masu filtar gwangwani suna da zaren awon inci, 3/4-16, wato kaurinsa milimita 19 da ɗan ɗoriya. Honda, Nissan, Mazda, Hyundai da Subaru kuwa galibi M20x1.5 suke amfani da shi, kauri milimita 20. Bambancin bai cika milimita ɗaya ba, shi ya sa filtar Honda kan hau kan injin Toyota har ta yi kamar ta ɗaure. Amma bakin zaren kawai ta kama. Mota na cikin gudu, mai ya yi ƙarfi, tana iya fizgewa, man ya tsiyaye kaf kafin direba ya lura da jar fitilar da ta kama.

Bayan zare sai robar da ke bakinta. Dole faɗin robar ya faɗa daidai kan wurin da aka goge mata a jikin inji, in ba haka ba yoyo ya samu.

To in zare da roba sun yi daidai, doguwa ba ta fi gajera ba?

Ɗauki misalin motoci biyu da suka cika titunanmu. Corolla mai inji 1.8 ta shekarun 2003 zuwa 2008 tana ɗaukar filta mai lamba 90915-YZZF2, Camry mai inji 2.4 kuma 90915-YZZF1. Waɗannan lambobin kasuwar Amurka ne, a wasu ƙasashen haruffan ƙarshe sukan canja. Zarensu ɗaya, robarsu ɗaya, ta Camry ce kawai ta ɗan fi tsawo, don haka wasu masu Corolla ita suke sawa.

Abin da tsawo ke ƙarawa shi ne wurin ajiye datti. Takardar tacewa da ke ciki ta fi yawa, saboda haka takan ɗan jima kafin ta toshe. Ba ya sa ta tace ƙananan ƙwayoyin da gajerar ba ta iya kamawa, wannan aikin irin takardar ne. Kuma girman gwangwani yana ruɗi: an sha yanka babbar filta a tarar da takarda 'yar kaɗan mai ninki jefi-jefi, a yanka ƙarama a ga ninki a cushe. A ganina, ga mai yin juye kan lokaci ribar doguwar filta ba ta taka kara ta karya ba. Haɗarinta kuwa a fili yake idan filtar tana kallon ƙasa: ƙarin tsawon na iya sa dutse ko bakin rami ya fasa ta, ko ta matso kusa da salansa.

Me ke cikin gwangwanin ban da takarda?

Abubuwa biyu da ido ba ya gani daga waje, kuma su ne ke raba filtar kirki da ta banza.

Na farko bawul ne mai sifirin, ƙofar gaggawa ke nan. In takarda ta toshe, ko mai ya yi kauri da sanyin asuba, sai ya buɗe man ya wuce ba tare da an tace shi ba, domin mai da datti ya fi wa inji rashin mai baki ɗaya. Kowane kamfani da matsin da ya tsara ƙofar ta buɗe a kai. A motoci da yawa, a ma'aunin matsi da ake kira psi, tsakanin 8 zuwa 16 ne, amma Subaru ta kai wajen 23. Ga shi kuwa zaren Subaru da na Honda ɗaya ne. Filtar Honda za ta zauna a Subaru lafiya ƙalau, sai dai ƙofarta za ta riƙa buɗewa da wuri, mai ya yi ta zagayawa ba tacewa, mai mota bai sani ba.

Na biyu wata roba ce da ake hangowa ta 'yan ramukan bakin filta. Aikinta ta hana mai komawa ƙasa bayan an kashe inji. In ta taurare, filta ta kwana babu mai, da safe sai ka ji inji yana ƙara kaf-kaf-kaf na 'yan daƙiƙoƙi kafin mai ya hau. Baƙar roba ta gama-gari zafi yana busar da ita. Mai launin ja ko ruwan lemo galibi silikon ce, ta fi jure zafi, abin da ba ƙaramin amfani ba ne ga motar da ke yini a cunkoso cikin watan Afrilu.

Mene ne ma'anar kashi 99 da ake rubutawa a kwali?

Ba shi da ma'ana sai an faɗi girman ƙwayar da ake nufi. Ana auna datti da maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita, gashin kan mutum kuma wajen maikiron 70 ne. Filtar da ta ce tana kama kashi 99 a maikiron 20 ta fi wadda ta ce kashi 99 a maikiron 40 nesa ba kusa ba. Akwai gwajin da aka amince da shi, ISO 4548-12, kamfanonin da suka yarda da kayansu sukan ambace shi. Takardar da aka yi da zaren itace ita ce mai araha, ta zaren roba ko gilashi ta fi tacewa kuma ta fi ɗaukar datti, wasu kuma gauraye ne.

Ya zan gane jabu?

Da wuya, gaskiya, domin masu yin jabu sun ƙware a kwali da fenti. Kamfanoni irin su Denso, Mann, Mahle, Bosch da Purflux, wadda masu Peugeot suka sani, suna yin kaya masu kyau, kuma sunan nasu ne ake kwaikwayo. Duba rubutu ko ya yi dishi-dishi, duba zaren ko akwai ɓarɓashin ƙarfe ko tsatsa, girgiza ka ji ko wani abu na motsi a ciki. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai ma shaida ne, araha ba ta ado. Hanya mafi tabbas ita ce ka sa a yanka tsohuwar da aka cire ka ga cikinta. In ka ga takarda ta yage ko ta lotsa, ko babu bawul ɗin sam, ka canja shago.

Motata ba ta da gwangwani, takarda kawai ake sawa a cikin murfi. Ita fa?

Irin Camry mai inji 2.5 ta shekarun 2010 zuwa 2017, mai ɗaukar filta mai lamba 04152-YZZA1. Nan babu zancen babba ko ƙarama, sai wadda aka yi wa gidan. Ka tabbata an sa sabuwar robar da ta zo a kwali, kuma kada a ɗaure murfin da ƙarfin tsiya, yana tsagewa.

Dole ne a canja filta duk juye?

I, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, kuma a duba filtar iska a rana ɗaya, don ta nan yawancin ƙasar ke bi. Tsohuwar filta tana riƙe da baƙin mai mai datti da zai gauraya da sabon. Wajen ɗaurawa, a shafa wa robar ɗan mai, a murɗa da hannu har ta taɓa jikin inji, sannan a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Kafin nan ka leƙa da idonka ka ga tsohuwar robar ta fito tare da tsohuwar filta, domin takan manne a jikin inji, in aka ɗora sabuwa a kanta man zai fita ta tsakaninsu da zarar an tayar da mota.