Tsarin shigar da iska a batirin haidirojin

Tsarin shigar da iska shi ne ɓangaren batirin haidirojin da ke jawo iskar waje, ya tace ta, ya matsa ta, ya daidaita zafinta da damshinta, sannan ya kai ta inda oksijin zai haɗu da haidirojin a samu wutar lantarki. Abin da ke fita bayan haɗuwar ruwa ne da zafi. Haidirojin yana zuwa daga tanki a tsabtace, ita kuwa iska daga sarari ake ɗebo ta da duk abin da ke cikinta, shi ya sa tsara wannan ɓangare yake cikin ayyukan da suka fi ba injiniyoyi wahala.

Tarihi

Ana danganta batirin haidirojin na farko ga William Grove, lauya kuma masanin kimiyya ɗan Birtaniya, a wajen shekarar 1839, kodayake wasu suna gabatar da Christian Schönbein da ya bayyana ka'idar a daidai lokacin. Kusan shekara ɗari abin bai wuce ɗakin gwaji ba. Francis Bacon na Ingila ya kama aikin tun shekarun 1930, a 1959 ya nuna batirin da ke ba da kilowat 5 ko ɗan fiye. Irin nasa aka inganta aka sa a kumbon Apollo, kumbon Gemini kuma ya yi amfani da na kamfanin General Electric mai siririyar fata ta roba a tsakiya, wadda ke raba haidirojin da oksijin.

Waɗannan duka da tsantsar oksijin na tanki suke aiki. Da aka so sauko da fasahar cikin motoci sai matsala ta fito fili: oksijin kashi 21 cikin 100 ne kawai na iska, kusan kashi 78 naitirojin ne da ba ya tsinana komai sai cika hanya. Nau'in Bacon ma ba ya jure iskar kabon dayoksaid da ke sarari, tana lalata ruwan sinadarinsa. Wannan na cikin dalilan da masu ƙera motoci suka koma ga nau'in mai fata, musamman bayan kamfanin DuPont ya samar da irin fatar da ake kira Nafion a shekarun 1960. Toyota ta fitar da motar Mirai a 2014 da kwamfiresa (na'urar matsa iska) mai murɗaɗɗun haƙora, ta kuma tsara hanyoyin iska ta yadda ruwan da batirin ke haifarwa zai ishe shi ba tare da na'urar damshi ta daban ba. A samfurin 2020 ta koma kwamfiresa mai fiffike.

Yadda ake tsara shi

Ba a ba batirin iska daidai lissafin abin da zai ci. Akan ninka ta kusan biyu, domin sashen batirin da ke can ƙarshen hanyar iska kada ya rasa oksijin, kuma ragowar iskar ta kwashe ruwan da ya taru. Batirin mota mai kilowat 100 yana buƙatar kusan giram 100 na iska a kowace daƙiƙa idan aka taka shi sosai.

Kwamfiresa ce zuciyar lissafin. Idan aka ƙara matsin iska zuwa ninki biyu ko uku na na sarari, batirin zai ba da wuta mai yawa daga ƙaramin jiki. Sai dai daga wutar batirin kwamfiresar take ci, wani lokaci kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Aikin mai tsarawa shi ne gano inda ribar ƙarin matsi ta tsaya. Wasu suna sa fiffike a bututun fita domin maido da wani abu daga ƙarfin da zai tafi a banza.

Ba a yarda baƙin mai ya kusanci wannan iska, domin yana rufe falatinam ɗin da ke sa sinadaran su haɗu. Kwamfiresar mai faci ta bakin titi, wadda in ka tara hannu a bakin tiyonta za ka ji maiƙo, ba za ta yi ba. Na zamani suna juyi sama da dubu 100 a minti, sandarsu tana shawagi a kan iska maimakon boris mai giris.

Iskar da aka matsa takan fito da zafin da ya haura digiri 100, fatar kuwa tana aiki ne tsakanin 60 da 80, don haka sai an sanyaya ta. Daga nan sai damshi. Fata ta bushe, wuta ta ragu, har ta tsage. Ruwa ya yi yawa, ya toshe ƙofofin oksijin. Bawul a mafita yana riƙe matsin, kwamfuta kuma tana lura kada direba ya taka totur wuta ta riga iska, abin da ke cinye batirin tun kwanansa bai ƙare ba.

Ƙananan batura ba sa buƙatar duk wannan. Fanka kawai ake sa musu, ta ba su iska ta kuma sanyaya su.

A yanayin Katsina

Mai tsara irin wannan na'ura domin Katsina ko Daura dole ya faro daga matatar iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo ƙura mai laushi, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na Chadi, irin wadda za ka share gilashin mota da safe, kafin azahar ka iya rubutu a kansa da yatsa. Matata ta toshe, kwamfiresa ta ƙara shan wuta. Ga hayaƙin janaretocin dizal mai ɗauke da farar wuta, wadda kaɗan ɗinta ya isa ya raunana falatinam, don haka ake ƙara shimfiɗar gawayi na musamman bayan takardar tacewa.

Bushewar hunturu ta sa dabarar barin na'urar damshi abin a duba da kyau ne a nan, kuma batiri mai fanka ya fi kowanne shan wuya. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, iska tana yin sako-sako, lagireto kuma yana wahalar fitar da zafi.

Amfani a yau

Ana samun tsarin a motoci irin Mirai da Hyundai Nexo, da bas-bas, da jiragen ƙasa a Jamus, da wutar ko-ta-kwana ta turakun sadarwa a wasu ƙasashe. Masana sun rabu kan ko haidirojin zai iya gogayya da batirin caji a ƙananan motoci.