Waiwaye: yadda kangayenmu sunka koma "gidan aljannu"

Duk wanda ya tashi Sakkwato ko su Wurno, Gwadabawa, Boɗinga, ya san garinsu akwai wani kango da ake cewa kar a bi ta gabanshi bayan magariba. Wai ana jin daka cikin dare, wai wata mai farin lulluɓi na tsayawa bakin zaure. Mu ma haka munka taso muna ji, kuma wallahi da gudu muke wucewa in an aike mu.

Abin ya faro ne tun daga kufai. Surame da Kanta na Kabi ya gina ƙarni na 16, ganuwarta ta dutse tana nan yankin Binji har yau, ga Alƙalawa ta Gobirawa da anka ci a 1808 mutane sunka watse. Gari in ya tashi kuka da tsamiya ke gadonshi, su kuma dama Bahaushe ya daɗe yana cewa mazaunin iskoki ne. To amma kufai can daji yake, yaro ba ya kai kanshi can da wasa.

Matsalar ta soma sadda kango ya shigo cikin unguwa. Gidan ƙasa sai da yaɓe kafin damina, mai gida ya rasu, magada sun kasa raba gado, wanga na Legas wancan na Abuja, shekara ukku huɗu ba wanda ya hau soro ya duba indararo. Daga baya na siminti sunka ƙaru, kamar gidajen nan masu sauƙin kuɗi na zamanin Shagari da juyin mulkin ƙarshen 1983 ya tarar da yawansu ba a gama ba, sannan gine-ginen kwangila da ake bari rabi da rabi in gwamnati ta canza.

Ni ban ga laifin iyayenmu ba, labarin aljannun nan, katanga ce sunka yi muna da baki, kuma ta yi aiki. Abin da ke ci mini rai shi ne da zarar an ce gida na da mutanen ɓoye shikenan ba mai sake tambayar na wane ne, wa ya kamata ya gyara ko ya rushe, mai unguwa ya yi shiru, maƙwabta su yi shiru. Alhali abin da ke ciki sananne ne: azara da gara ta cinye, soro da ya sha ruwan Agusta ya yi nauyi yana jiran faɗuwa, tsohuwar rijiya da masai da ciyawa ta rufe bakinsu, kububuwa da kunama cikin tarin tubali. 'Yan shaye-shaye kuwa sun fi kowa son a ci gaba da cewa akwai aljannu, don ba mai leƙa su.

Yanzu katangar ma ta juye. Labarin da ke korarmu da, shi ke jawo samari da waya a hannu, su shiga da dare suna haska tocila don TikTok, suna taka rufin da ko akuya bai kamata ta hau ba.

Sai kuma bayin Allah da 'yan bindiga sunka koro daga Isa, Sabon Birni da Rabah, da yawa cikin irin kangayen ga suke kwana cikin birni, mata da ƙananan yara, buhu ne ƙyauren ƙofa, bangon ya tsage tun kafin su zo, ga damina na tahowa.