Mark Rothko da tsoron ƙuruciya a zanensa

Mark Rothko (1903–1970) mai zane ne Ba'amurke, Bayahude ɗan asalin Daular Rasha, wanda ya yi suna da zanen da babu siffar mutum ko dabba ko wani abu a cikinsa, sai launi zalla. Zanensa yakan ƙunshi manyan faifan launi biyu ko uku masu kusurwa huɗu, ɗaya bisa ɗaya, gefensu a dushe. Masana da dama suna danganta nauyin da ke cikin aikinsa da fargabar da ya taso da ita.

An haife shi ranar 25 ga Satumba 1903 a Dvinsk, garin da yanzu ake kira Daugavpils a ƙasar Latbiya, aka raɗa masa suna Markus Rothkowitz. Garin yana cikin yankin da gwamnatin Rasha ta keɓe wa Yahudawa, ba a yarda yawancinsu su zauna a wajensa ba. A shekarar da aka haife shi aka yi wa Yahudawan Kishinev, babban birnin Moldoba a yau, kisan gilla, a 1905 kuma irin wannan ta'asa ta bazu zuwa garuruwa masu yawa. Mahaifinsa Yakob mai haɗa magani ne. Yayyen Markus sun yi boko, amma shi auta, yana ɗan shekara biyar aka kai shi heder, makarantar addini ta yara kwatankwacin makarantar allo, inda ya koyi Ibrananci da Attaura da Talmud, kundin sharhin malaman Yahudawa kan shari'ar addininsu.

Abu biyu ya riƙa ambata bayan ya girma. Akwai tabo a hancinsa da ya ce bulalar wani sojan doki ɗan Kosak, daga mahayan da ke yi wa sarkin Rasha aikin soja, ce ta bar masa. Sannan akwai labarin da ya ba abokinsa mai zane Alfred Jensen: wai 'yan Kosak sun kora Yahudawa cikin daji, suka sa su haƙa babban rami mai kusurwa huɗu da za a binne su. Ya ce hoton ramin bai taɓa barin ransa ba. James Breslin, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya nuna cewa ba a yi irin wannan kisa a Dvinsk a zamanin yarintarsa ba. To, tsoron yaro ba ya jiran shaida. Abin da manya ke faɗa cikin gida ya isa.

Mahaifin ya yi ƙaura zuwa Amurka saboda gudun kada a tilasta wa manyan 'ya'yansa shiga sojan sarkin Rasha. Markus da mahaifiyarsa da yayarsa suka bi sahu a 1913, suka sauka a Portland ta jihar Oregon. 'Yan watanni kaɗan mahaifin ya rasu, a 1914. Yaron ya yi kusan shekara yana zuwa wurin ibada don zaman makoki, daga nan ya daina zuwa. Ya shiga Jami'ar Yale a 1921, ya bar ta a 1923 bai gama ba, ya koma New York. A 1940, lokacin da 'yan Nazi ke cin karensu babu babbaka a Turai, ya gajarta sunansa zuwa Rothko.

Salon da aka san shi da shi ya kankama wajen 1949. Yakan tsinka fenti ya shafa shi shafi bisa shafi, har launin ƙasa ya riƙa leƙowa ta cikin na sama. Allunan manya ne ƙwarai, yana kuma so mai kallo ya matso kusa har launin ya mamaye idonsa. Wasu masu sharhi suna ganin kabari a cikin faifan nan. Wasu suna kawo dokar Attaura da ta hana sassaƙa siffofi. Duka fassara ce ta masu kallo, kuma ta biyun ta fi rauni, tunda ya shafe shekaru yana zana mutane kafin ya bari. Shi dai ya ce ba launi ne damuwarsa ba, abin da yake nema shi ne bala'i da shauƙi da halaka, irin waɗanda kowane ɗan Adam ke ji.

Launinsa ya yi ta duhu daga ƙarshen shekarun 1950. A 1958 aka ba shi kwangilar zanen gidan cin abinci na Four Seasons a ginin Seagram da ke New York, ya yi zanen da ja mai duhu da baƙi, daga baya ya fasa ya mayar da kuɗin. Tara daga cikinsu ya bayar kyauta ga Tate, gidan adana zane-zane a Landan. John da Dominique de Menil, miji da mata masu tara zane-zane, suka sa shi zane goma sha huɗu na wani ɗakin ibada a Houston, wanda aka buɗe wa mabiya kowane addini a 1971. Bai ga buɗewar ba, domin ya kashe kansa a ɗakin aikinsa ranar 25 ga Fabrairu 1970.