Jakar iskar tallafin sifirin

Jakar iskar tallafin sifirin jaka ce ta roba mai kauri, da aka ƙarfafa jikinta da zaren nailan, ana ɗaura ta tsakanin shasin mota da aksil na baya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ana hura mata iska don ta karɓi wani ɓangare na nauyin da ke kan sifirin idan an loda kaya ko an maƙala tirela, sai bayan motar ya daina zaunawa. Daban take da jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari lokacin haɗari. Ba ta maye gurbin sifirin ɗin da motar ta zo da shi, kuma ba ta ƙara wa mota ko kilo ɗaya a kan nauyin da kamfani ya ƙayyade mata.

Suna

A garejojin sana'iyya, wato unguwar kanikawa, na Makka, Jidda da Madina ana ce mata girba, wato salka, saboda kamanninta da salkar ruwa. Wasu na cewa balona. Hausawan da ke tuƙi ko aikin kanikanci a waɗannan birane sukan yi amfani da sunayen Larabcin kai tsaye, kamar yadda suke kiran a-kori-kura wanet, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya shas, sifirin mai falle-falle kuma susta.

Tarihi

Tunanin ɗora mota a kan iska ya girmi yawancin kamfanonin mota. A 1901 wani Ba'amurke, William Humphreys, ya yi rajistar ƙirar sifirin iska na abin hawa. A wajajen shekarun 1920 George Messier ya ƙera wa motoci irin wannan tsari a Faransa. Kamfanin taya na Firestone ya shiga gwaje-gwaje a shekarun 1930, kuma jaka mai ƙugu a tsakiya, wadda ta yi kama da tayoyi biyu ƙanana a ɗore, daga wannan zuriya ta fito.

Inda sifirin iska ya fara kama ƙasa shi ne a manyan motocin fasinja. General Motors ya sa shi a bas-bas ɗinsa a farkon shekarun 1950, har da Scenicruiser da ya ƙera wa kamfanin Greyhound a 1954. Dalilin a fili yake: nauyin bas na canjawa a kowace tasha, sifirin ƙarfe kuwa taurinsa ɗaya ne ko an cika ko babu kowa. A ƙananan motoci labarin bai yi daɗi ba. Cadillac Eldorado Brougham ta 1957 ta fito da shi, wasu motocin Amurka suka bi sahu a 1958, amma yoyon iska ya yi yawa har aka janye shi cikin 'yan shekaru.

Jakar tallafi, wadda ake ƙarawa a kan sifirin da ke akwai, ana danganta farkonta da kamfanin Air Lift da aka kafa a Lansing ta jihar Mishigan a 1949. Abin da ya fara sayarwa jakar roba ce da ake cusawa cikin sifirin mai murɗi a hura ta, kuma masu tseren mota a Amurka sun yi amfani da ita a shekarun 1950 don daidaita nauyi a kan tayoyi. Daga baya Firestone ya fitar da nasa mai suna Ride-Rite. Waɗannan sunaye biyu su ne har yau aka fi sani.

A Saudiyya ana ganinta a motocin da ke jan karafan, wato tirelar kwana, zuwa sahara lokacin sanyi, da tirelar dawaki, da jiragen ruwa a Obhur ta Jidda, da tankin ruwa ko janareta.

Ire-ire

Mai ƙugu ita ce ta motoci masu sifirin falle-falle, irin su Hilux, shas, D-Max, L200, Sierra, Silverado da F-150. Manyanta na aiki daga psi 5 zuwa psi 100 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne, irin na taya), kuma ana rubuta musu ƙarfin ɗagawa har laba 5,000, kimanin kilo 2,270, ga jaka biyu. Akwai siririya mai naɗewa cikin kanta, don wurin da babu fili. Ta uku ita ce mai shiga cikin sifirin murɗi, kamar na bayan Ram 1500 tun daga ƙirar 2009; Air Lift 1000 ta wannan rukuni ba ta wuce psi 35.

Abin da take gyarawa da abin da ba ta gyarawa

Wuyan tirela na danna ƙugiyar mota da wani kaso na nauyin tirelar. A tirelar da ake maƙalawa a ƙwallon ƙarfe na ƙugiyar baya, abin da ake so shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ƙwallon yana bayan aksil, don haka motar ta zama kamar sikeli: an danna baya, gaba ya ɗaga. A Hilux mai ƙofa huɗu tazarar aksil biyu milimita 3,085 ce. Idan ƙwallon na mita 1.2 bayan aksil, wuyan tirela kuma na danna kilo 250, tayoyin gaba za su rasa kusan kilo 97, aksil na baya ya ɗauki kusan kilo 347.

Jakar iska na mayar da bayan motar tsayinsa. Da wannan fitilun gaba ke daina haska sama suna kashe wa masu tahowa ido, aksil ya daina dukan robar tsayawa, wato robar da ke tare shi a jikin shasi, idan an hau tudun rage gudu, motar ta rage tangaɗi da sunkuye-sunkuye. Amma kilo 97 ɗin nan ba ya komawa gaba, domin jakar tana zaune ne daidai kan aksil, ba ta canja tsawon hannun sikelin ba. Sitiyari zai ci gaba da sauƙi, birkin gaba ya ci gaba da rashin kamu, ko da motar ta miƙe ɗoɗar a ido. Abin da ke mayar da nauyi gaba shi ne ƙugiya mai sandunan raba nauyi. Nan ne masu mota da dama ke ruɗuwa, su ga mota ta daidaita su ƙara kaya.

Iyakar gaskiya tana kan farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin littafin motar: GVWR shi ne nauyin mota duka da kaya da mutane, GAWR kuma na kowane aksil. Taya ma tana da lambar nauyinta a gefe, kuma a kwaltar bazara ta hanyar Makka zuwa Madina taya ce ke fara faɗin gaskiya idan an wuce ƙa'ida. Wutsil-wutsil ɗin tirela, wato kaɗawa dama da hagu a guje, yawanci daga ƙarancin nauyi a wuyanta yake, maganinsa matsar da kaya gaba da rage gudu.

Ɗaurawa

Kayan da ke zuwa a kwali su ne jaka biyu, faranti na sama da na ƙasa ga kowace, kusoshi masu siffar U, tiyon nailan mai kaurin kwatan inci, mahaɗai masu kama tiyo da turawa, bawul biyu irin na taya, da garkuwar zafi. A yawancin motocin yanzu ba a huda shasi. Ana cire robar tsayawa a ɗaura farantin sama a ramukanta. Ana tallafe shasi a kan ƙarafan tokare mota, a bar aksil ya sauko kaɗan, a haɗa jaka da farantanta a ƙasa, a matse ta a shigar, sannan a daidaita ta miƙe sosai kafin a ƙulle kusoshi. Jakar da ta karkace gefe ɗaya take cinyewa.

Ana barin aƙalla rabin inci tsakanin jaka da duk abin da zai iya gogar ta, kamar bututun man birki, wayar birkin hannu da taya. Tiyo na buƙatar nisan kusan inci 6 daga salansa, in babu fili a sa garkuwa. Ana yanka tiyo da reza ko wuƙa mai kaifi, a miƙe. Filaya na murƙushe bakinsa, kuma mafi yawan yoyo daga nan yake farawa.

Ya fi kyau kowace jaka ta sami tiyonta da bawul ɗinta. Idan aka haɗa su da mahaɗi ɗaya, a kwana iska na gudu daga jakar da aka danne zuwa ɗayar, motar ta ƙara kwantawa. Raba su kuma na ba da damar daidaita kayan da suka fi nauyi a gefe ɗaya. Bayan an gama ana hura psi 30, a fesa ruwan sabulu a kowane mahaɗi, a sake aunawa bayan awa 24. Raguwar da ta wuce psi 5 alamar yoyo ce.

Wasu na ƙara kwamfureso a cikin mota mai geji ko rimot.

Awon iska

Kafin a maƙala tirela ana auna tsayi daga ƙasa zuwa bakin mudigadi na baya, a rubuta. A maƙala, a loda komai, sai a riƙa hura psi 5 a kowane karo har tsayin ya kusa komawa yadda yake. Ana barin santimita ɗaya ko biyu, don sifirin ƙarfe ya ci gaba da ɗaukar rabonsa. A manyan jakunkuna kowane psi ɗaya na ɗauke kimanin kilo 20 ga jaka biyu, shi ya sa tirela matsakaiciya ba kasafai take buƙatar fiye da psi 20 zuwa 30 ba. Idan da sandunan raba nauyi, iska ake fara sawa kafin a ɗaure su, domin ƙara iska daga baya na sassauta su. In an sauke kaya a rage zuwa psi 5, kada a bar ta wayam, domin robar za ta naɗe ta tsinke kanta.

Zafi na ƙara awo. Jakar da aka sa wa psi 50 da asuba a digiri 25 za ta kai wajen psi 55 idan iskar cikinta ta kai digiri 50. Da safe ake aunawa.

Matsaloli

Iska mai yawa na sa bayan mota tsalle, domin shokozoba ba a ƙera shi don wannan tauri ba. A tsofaffin Hilux da shas akwai bawul a baya mai auna zaman mota, wanda ke ƙara ƙarfin birkin baya idan ta zauna. Jakar iska na ɗaga motar, bawul ɗin ya ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya a lokacin da aka fi buƙatarsa, kamar a gangaren saukowa daga Ɗa'ifa. Bakanike ya duba wannan tun ranar ɗaurawa.

A kan tudun yashi aksil na saukowa fiye da tsawon jaka, ya fizge ta daga farantinta. Masu shiga sahara na sa mata tasa a ƙasa, wadda jakar ke zama a ciki ba tare da an ƙulle ta ba. Haka idan za a ɗaga mota ta shasi a gareji, a fara rage iska zuwa psi 5. Yashi da tsakuwa na maƙalewa a ƙugun jaka suna cin robar, don haka ana wanke ta da ruwa. A Jidda laima da gishirin teku na cinye faranti da kusoshi, musamman a motocin da ke tura tirelar jirgi cikin ruwa.

Lanƙwashewar shasi

Ana taƙaddama a kan wannan, musamman a Ostireliya, inda aka sha ganin shasin motoci masu ƙofa huɗu ya lanƙwashe a bayan ɗakin fasinja. Wasu kanikawa na ɗora laifin a kan jakar, domin tana tattara nauyi wuri ɗaya a shasi alhali sifirin falle-falle na raba shi gida biyu. Masu ƙera ta na cewa lodin wuce kima ne da tara nauyi a can bayan aksil.

Doka

Dokar zirga-zirga ta Saudiyya na ɗaukar sauya jikin mota ko shasinta ba bisa ƙa'ida ba a matsayin laifi mai tara, don haka ana tuntuɓar ofishin murur, wato hukumar kula da zirga-zirga, kafin a huda shasi ko a yi masa walda.